Babi na Bakwai: Ciyawar da Akuya ba ta Ci

Da la'asar sakaliya, in ka shiga Sundimina ko wani gari makamancinsa a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, kunnenka ne zai kai ka wurin ƙwallo kafin idonka. Ihu za ka fara ji, sannan ka hango ƙura ta turnuƙe a bakin makarantar firamare ko a wata gona da aka girbe. Raga kuwa silifas biyu ne, ko duwatsu. Da damina ta faɗi mai gona zai karɓe abinsa, 'yan wasa su koma kan hanya suna kauce wa babura. A irin wannan fili kusan kowane ɗan ƙwallon Arewa ya koyi taka leda, tafin ƙafarsa cike da tabon tsidau da ƙarangiya.

Wani ɗan baffana, wanda nake kira Yaya, yana da kango a jikin gidansa a Sundimina, tsawonsa mita 20, faɗinsa 12, kewaye da katanga. Ba zan ce masa bayan gida ba, don kowa ya san abin da kalmar take nufi a bakin Bahaushe. Yaya ɗan kasuwa ne, sati ba ya wucewa bai leƙa Kano ba, can kuma ya riƙa ganin ƙananan filayen nan na haya da suka yawaita a unguwanni: koren kafet, raga ta kewaye, fitilu da dare, matasa biyar-biyar suna karo-karo su biya kuɗin awa. Ranar da babur ya kusa kwashe masa ɗa a bakin titi, ya rantse ƙwallo ta dawo cikin gida. Abin da ya rage shi ne me za a zuba a ƙasa.

Ciyawa ta gaske ya fara tunani, ni kuma na ɗauki biro. Kangon murabba'in mita 240 ne. Ko ƙiri-ƙiri aka dasa, wadda take da jimirin takawa sosai, da bazara tana bukatar ruwa kullum. In ka ba ta milimita 5 kacal a wuni, lita 1,200 ke nan, wato jarka 48 ta masu lita 25, safiyar Allah, daga ƙarewar damina har zuwa faɗuwar wata daminar. A gidan da mata ke lissafin ruwan wanke-wanke, wannan magana ko tsakar gida ba za ta ƙetare ba. Ga awaki kuma. Aka bar ta nan.

Sai wani maƙwabcinsa mai injin casar shinkafa ya kawo tasa shawarar. Buntu ya yi masa tsibi a bayan injin, kaji sun ɗiba, masu toya tukwane sun ɗiba, bai ragu ba. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera buntu ne, don haka duk inda ake casa yana nan tuli. "Alhaji, kawo amalanke ka kwasa, ko sisi ba na so. Yaro ya faɗi a kai kamar ya faɗa katifa."

Shawarar ba ta wauta ba ce. A Amurka da Turai, a ƙarƙashin lilo da abin hawa na yara, ɓarzajjen itace da ɓawon bishiya ake zubawa, dalilin kuwa shi ne wanda mai injin ya faɗa. Hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta ba da ma'auni a littafinta na wuraren wasan yara: kaurin abin da aka zuba ya kai inci 9, kimanin santimita 23, bayan ya danne, in ana so ya tare yaron da ya faɗo daga sama. Mu ma muna da namu ilimin a wannan fanni tun kafin su rubuta nasu. Ba a yin dambe ko kokawa a kan tsandauri. Rairayi ake nema, kuma har yau gasar kokawa ta ƙasa a Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, a kan yashi ake yin ta. Wasan da ƙarshensa faɗuwa ne, ƙasa mai laushi yake so.

Ƙwallo kuwa gara ta ake yi, a nan aka samu saɓani. Yaya ya sa aka yi ta jigilar buntu da amalanke kwana biyu. Da za a bi ma'aunin Amurkawa, kangon zai ci sama da kubik mita 50, shi kuwa abin da ya samu bai wuce kaurin yatsu huɗu ba. Ina wurin ranar da aka buɗe. Yaro ya ba abokinsa ƙwallo a ƙasa, ta yi taku uku ta tsaya cik, kamar an kira sunanta. Wanda ya zo da gudu zai juya, buntun ya zame a ƙarƙashinsa ya tafi da shi. Kafin magariba bakin raga biyu da tsakiyar fili sun koma ƙasa tsura, buntun ya taru a gindin katanga. Da dare kuma gidan bai yi barci ba saboda soshe-soshe, don buntu yana da kaifi, akwai sinadarin yashi a jikinsa mai yawa, shi ya sa ma yake daɗewa bai ruɓe ba. Gwaggo, mahaifiyar Yaya, ta kwana tana shafa wa jikoki man kaɗanya tana faɗa.

Sauran aibin sai a hankali ya fito. Iskar hunturu ta riƙa kwasarsa tana zubawa a randa da tukunyar miya. Kaji suka mai da wurin ofishinsu. Da ruwan farko ya sauka, buntun ya taso kan ruwa ya tafi ya toshe rariya, tsakar gida ta zama tafki. Abin da ya saura ya jiƙe ya yi ɗumi, aka fara ganin kunama. Wani kafinta ya ce a gwada dusar katako irin ta ɗakin kaji. Gwaggo ta ce, "Kai dai ka ce a kira wa gara walima a gindin katangar ƙasa." Maganar ta mutu nan take.

Kafin in faɗi yadda kafet ya shigo gidan, ya kamata mai karatu ya san daga ina abin ya fito, domin asalinsa yana bayyana halinsa. A 1965 aka buɗe wani katafaren filin wasa mai rufi a birnin Hustan na jihar Tekzas, ana kiransa Astrodome. An dasa ciyawa a ciki, rufin kuma mai shigar da haske ne. 'Yan wasan besbol suka koka cewa ƙyallin rufin yana kashe musu ido ba sa ganin ƙwallo, aka shafe wani sashensa da fenti, ciyawa ta rasa rana ta mutu. A 1966 aka shimfiɗa wani kafet na kamfanin Monsanto mai suna ChemGrass, wanda daga baya aka sauya wa suna zuwa AstroTurf. Ka lura da wannan: ciyawar roba ta fara yin suna ne a wurin da rana ba ta shiga. Mu kuma muka ɗauko ta muka kawo inda rana ta fi ko'ina iko.

Shigarta ƙwallon ƙafa ba ta yi armashi ba da farko. Ƙungiyar Queens Park Rangers ta Landan ta shimfiɗa ta a 1981, Luton da Oldham da Preston suka bi. Kafet ɗin wancan zamani gajeren gashi ne a kan daɓe mai tauri, ƙwallo tana tsalle kamar ta roba a kan siminti, wanda ya faɗi kuma fatarsa ta saɓule. A 1988 hukumar ƙwallon Ingila ta hana sa sabo, Preston ce ta ƙarshe da ta cire nata a 1994. Irin wanda muke gani yanzu daga baya ya zo: dogon gashi mai laushi, milimita 40 zuwa 60, da ake cika tsakaninsa da yashi da ɓarzajjiyar tsohuwar tayar mota. FIFA ta fitar da ƙa'idar ingancinsa a 2001. Da Nijeriya ta karɓi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, wadda Kano da Bauchi suna cikin garuruwa takwas da aka buga ta, Suwizalan kuma ta cinye mu ɗaya da nema a wasan ƙarshe a Abuja, wasu filayen kamar Teslim Balogun na Legas kafet aka yi musu. Manyan 'yan wasa dai har yau ba su sake da shi ba. Da aka ce gasar duniya ta mata ta 2015 a Kanada duk a kansa za a buga, sai da wasu fitattun 'yan wasa suka shigar da ƙara, kodayake sun janye daga baya.

Yaya bai damu da wannan tarihi ba. Shi dai ya ga kore, ya tambayi kuɗin mita. A nan ne kusan kowa yake yin kuskure, domin mai sayarwa kuɗin kafet yake faɗa maka, kafet kuwa riga ce kawai. In ka shimfiɗa shi a kan ƙasar da ba a gyara ba, duk wani rami da tudu zai fito a samansa kafin wata uku, tururuwa su yi gida a ƙarƙashi, ruwa ya kwanta ya yi wari. Aikin gaske shi ne a kankare ƙasar sama da duk wani saiwa, a zuba marmara ko burji a danne, a bi da tsakuwa a sake dannewa, a rufe da garin dutse ko yashi mai laushi, sannan a ba filin ɗan gangare, santimita ɗaya a kowace mita. A faɗin mita 12, gefe guda zai ɗara ɗayan da santimita 12, ido ba zai gani ba, amma ruwa zai gani. Kudancin Jigawa ya fi arewacinta samun ruwa, kuma a watan Agusta ba abin mamaki ba ne a sauke milimita 50 a dare ɗaya. A kan murabba'in mita 240 wannan lita 12,000 ne, duro 60. Dole ka san inda za su bi tun kafin su zo, in ba haka ba su za su zaɓa, kuma yawanci katangar maƙwabci suke zaɓa.

Birkilan da ya yi aikin dattijo ne. Da na gama yi masa bayanin hawa-hawan tsakuwa, ya dube ni ya yi murmushi. "Malam, ai wannan daɓe ne. Iyayenmu mata sun yi shi da madaɓi suna waƙa." Gaskiyarsa. Daɓen gargajiya, wanda ake zuba tsakuwa a yayyafa ruwa a yi ta bugu, a ƙarshe a shafe da makuba ta ɓawon ɗorawa, hikimarsa ɗaya da abin da injiniyoyi ke yi da injin dannewa. Bambancin shi ne wancan ana so ya hana ruwa shiga, wannan ana so ya bar ruwa ya wuce. Zan ma ƙara da ra'ayina a nan: wanda ƙarfinsa bai kai kafet ba, ya tsaya a daɓen marmara mai kyau, ya share tsakuwar sama, ya riƙa yayyafi kafin wasa. Ƙwallo za ta garu, kuma ya fi buntu sau goma. Gwiwa ce kawai za ta biya.

Kafet ɗin a naɗe yake zuwa, galibi daga Sin, mai faɗin mita 2 ko 4, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashinsa yake bin dala kamar kowane kayan waje. Iri biyu ne a kasuwa, masu sayarwa kuma ba kullum suke bambanta maka ba. Akwai na ado, wanda ake sawa a wurin biki da barandar otal, akwai na wasa. Na ado ya fi araha, ya fi kyau a ido ranar farko, amma ƙafa goma in suka yi wata biyu a kansa zai zama kamar kan mai sanƙo. Ka juya bayansa ka duba ɗinki da hudojin ruwa, ka ja gashin da ƙarfi ka ga ko zai biyo hannunka, ka tambaya ko an yi shi da maganin rana. Yaya ya sayi falle uku masu faɗin mita 4, wato haɗi biyu ne kawai a filin. Wurin haɗi da gam nan ne kafet yake fara mutuwa, don haka duk yadda za ka rage yawansa, rage.

Kan abin cikawa muka ɗan yi gardama. Mai sayarwa ya dage sai an sa baƙin garin taya, wai shi ne ke ba da laushi, kuma haka ne. Sai dai yana bin takalmi da gashin kai ya shiga ɗaki, ruwa ya kwashe shi ya kai gona, a gidan da ke da masu rarrafe kuwa komai baki yake nufa. A Satumban 2023 Tarayyar Turai ta zartar da dokar da za ta hana sayar da irin wannan gari don filayen wasa daga 2031, saboda ɓurɓushin roba da ke malala cikin ƙasa da ruwa. Abin dariyar shi ne cikin abubuwan da wasu kamfanonin can suke haɗawa a madadinsa akwai zaren ɓawon kwakwa, akwai kuma buntun shinkafa. Da na gaya wa mai injin casa, ya ce ai da ma ya san kayansa ba na banza ba ne, mu ne ba mu iya ba. Mu dai yashi muka sa, wankakke, tankaɗaɗɗe, busasshe. Jihar da sunanta ma daga jigawa ya samo asali ba za ta rasa yashi ba.

A watan Nuwamba aka gama, kuma wata uku na farko ba wanda ya isa ya kushe abin a gaban Yaya. Ƙwallo tana tafiya sumul. Babu ƙaya, babu taɓo, wankin kayan yara ya ragu. 'Yan mata ma, waɗanda da ba sa zuwa filin gari, suka samu wurin 'yar gala-gala da tsallen igiya, wani lokaci har da ƙwallon. Wata akuya ta shigo ta kafa baki ta ja, ta tsaya tana kallon filin kamar an ci amanarta. Aikin da ya ɓullo shi ne na ƙura. Hunturu yana sauke ta kullum, ta shige tsakanin gashin ta toshe hudojin ruwa, in an bar ta kuma ta haɗu da raɓa ta daskare. Sai an bi da tsintsiyar kwakwa ko buroshi mai tauri duk mako ana tayar da gashin. Kashin kaji da na awaki ba ya narkewa ya shige ƙasa kamar da, sai an kwashe an wanke. Garwashi ɗaya daga kasko in ya faɗi, ya bar tabo har abada. Wanda ya ce maka ciyawar roba ba ta son hidima, bai taɓa riƙe ta shekara guda ba.

Sai bazara ta zo ta karɓi harajinta. Ciyawa mai rai tana fitar da ruwa ta ganyenta, shi ke sanyaya ta. Roba ba ta da wannan, zafin da ta sha nan yake zama. A 2002 masu bincike a Jami'ar Brigham Young da ke jihar Yuta sun auna saman filinsu na roba ya kai digiri 93 a ma'aunin Salshiyos, a ranar da zafin iska bai wuce 37 ba. Sun kuma ga cewa in an watsa ruwa yana sauka, amma cikin mintuna kaɗan ya sake hawa. To, a ƙasar Birnin Kudu watan Afrilu yana haura 40 a inuwa, yaranmu kuma ba su da takalmin ƙwallo, da ƙafar Allah suke wasa. Wata rana da hantsi ƙaramin ɗan Yaya ya ruga kan kafet ɗin, ya dawo yana tsalle da kuka, tafin ƙafarsa ya yi ja. Gwaggo ta ɗauke shi ta tsoma ƙafar a kwano, ta ɗaga kai ta dubi ɗanta. "Kuɗin da za ka sayi shanu biyu ka sa ka sayo wa jikokina tanda." Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "A yi haƙuri, Inna, za a gyara."

Gyaran da aka yi doka ce da inuwa. Daga Maris zuwa saukar ruwa, ba mai hawa sai bayan la'asar, kuma sai babba ya ɗora bayan hannunsa a kai ya ƙirga goma bai janye ba. An ja baƙar ragar inuwa irin ta masu renon tsirrai a kan rabin filin. An dasa darbejiya huɗu ta yamma, a wajen katanga, nesa kaɗan don kada saiwa ta ɗaga daɓen, duk da an san ganyenta zai ƙara aikin shara. Da ni ne zan sake, da bishiyar zan fara, in ba ta shekara uku, sannan in yi maganar kafet. Akwai kuma lissafin da Yaya ba ya son a tuna masa: kafet mai kyau shekara takwas zuwa goma yake yi, a ranarmu wataƙila bai kai ba, kuma ranar da ya mutu ba taki zai zama ba, tulin roba ne da sai an nemi inda za a kai shi. Buntu ko ba komai ya ƙare a gona.

Bai ma ƙare duka a gonar ba. A kusurwar kangon akwai tsohuwar bishiyar mangwaro da aka ɗaura wa lilo. Nan aka haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya da rabi, aka kewaye da bulo, aka cika da yashi, ragowar buntun kuma aka zuba a gindin sabbin darbejiyoyin don ya riƙe musu laima. Ƙanana suna faɗowa daga lilon su tashi suna dariya.

Zuwana na ƙarshe da azahar na shiga, rana tana tsakiya, filin ba kowa. A rabin da babu inuwa na tarar da tabarmi uku a shimfiɗe a kan kafet ɗin, ɗaya barkono, ɗaya yankakkiyar kuɓewa, ɗaya tumatir. Gwaggo tana zaune a bakin zaure da sanda tana korar kaji. Na gaishe ta, na ce ashe an samu wurin shanya. Ta ce abin da yake kwana uku a kan rufi, a nan wuni biyu ya bushe ƙayau, ga shi babu yashi a ciki. Daga nan ta ɗaga murya ta ce wa yaran da ke leƙe ta ƙofa da ƙwallo a hammata su koma, ba a yi kiran la'asar ba tukuna, kuma ko an yi sai ta kwashe kayanta.